Sarauniya takwas a allon ces, amsar tambayarka

Kace ka rubuta firogiram da zai jera sarauniya 8 a allon ces (wato chess, wasan nan mai kama da dara da allonsa ke da gida 64) ba tare da wata ta iya cin wata ba, amma kwamfutar sai juyi take ta ƙi kawo amsa, wai ko injin ne ya tsufa. Yaro ba ruwan inji, kai ne ka ɗora mata kayan da ba nata ba. Ka sa ta gwada duk yadda za a zaɓi gida 8 cikin 64, wannan kuwa 4,426,165,368 ne, kuma sai ta gama jerawa sannan take dubawa, haba.

Ɗauke hannu daga kibod tukuna. Sarauniya tana ci a tsaye, a kwance, da a karkace, kenan kowane layin kwance guda ɗaya tak zai ɗauka, haka ma na tsaye, da wannan kawai biliyoyin nan sun dawo 40,320.

Karkacen ne ke kayar da masu koyo. Kowane gida yana da lamba biyu ai, ta kwance da ta tsaye, to in jimillar lambobin gida biyu ta zo ɗaya, ko kuma in ka ɗebe ta tsaye daga ta kwance sakamakon ya zo ɗaya, suna kallon juna, shikenan.

Sai ka bi layi-layi. Aje ta farko, sauko na biyu ka nemi gidan da ba mai ganinsa, haka haka, da ka iso layin da duk gidajen a tsare suke kar ka ɓata lokaci, koma baya ka matsar da wadda ka aje ƙarshe gida na gaba ka sake saukowa, in ita ma ta ƙure layinta ka ƙara komawa sama. Ni a wurina wannan komawa bayan ita ce aikin gaba ɗaya, sauran duk ado ne.

Wani Bajamushe Max Bezzel ne ya kawo wannan wasan na jera sarauniya takwas a 1848, zuwa 1850 wani Franz Nauck ya fito da amsoshi 92, ba kwamfuta a lokacin fa. In ka cire waɗanda juya allo ne kawai ko kallonsa a madubi, 12 ne na asali.

Fara gwadawa da ƙaramin allo, yawan sarauniya daidai da yawan layi. Mai layi 2 da mai 3 ba su da amsa, mai 4 amsa 2 ne, mai 6 kuma 4. In waɗannan sun fito daidai sai ka saka 8, in baka ga 92 ba duba lissafin karkacenka kafin ka turo min.