Censure: ba tsigewa ba ce, ba kuma tacewa ba

Wa alaikumus salam. Malama, kin ce kin ga kalmar "censure" a wani labari na majalisar dokokin Amurka, kina tambaya ko tana nufin an tsige ɗan majalisar. Ba a tsige shi ba, yana nan a kujerarsa, yana karɓar albashinsa, yana kaɗa ƙuri'a. Abin da aka yi masa shi ne tsawatarwa a hukumance, wadda ake kaɗa wa ƙuri'a kuma a shigar da ita cikin kundin majalisa.

Wannan kalma ta taɓa kayar da ni. Farkon shigata aikin fassarar labarai a wani gidan rediyo, na rubuta cewa majalisa ta "tace" wani sanata. Babban editanmu ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, fim ne shi da za a tace?" Ashe na haɗa ta da 'yar'uwarta "censor", wadda ita ce aikin irin na Hukumar Tace Fina-finai ta Kano. Ko a baki sun bambanta: ɗaya "sensha", ɗaya "sensa".

Ruɗanin yana da dalili, domin tsatsonsu ɗaya ne. A tsohuwar daular Rum, tun wajen shekara ta 443 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai wasu jami'ai biyu da ake kira censor. Su ke ƙidayar jama'a da dukiyarsu, daga nan ma aka sami "census", ƙidaya. Amma an kuma ɗora musu sa ido kan ɗabi'un mutane. Idan babban mutum ya yi abin kunya, sai su sa wa sunansa alama a rajista, har sukan iya cire shi daga jerin sanatoci. Hukuncinsu da muƙaminsu shi ne censura a Latin. Da kalmar ta shigo Turanci a ƙarni na 14, ana nufin hukuncin da coci ke yankewa ne, daga baya ta koma tsawatarwa mai tsanani.

Kada ki ɗauke ta abu mai sauƙi don ba ta raba mutum da kujera. A majalisar wakilan Amurka, wanda aka yi wa haka sai ya fito ya tsaya a gaban abokan aikinsa, kakaki ya karanta masa laifinsa kowa yana ji. A 1834 majalisar dattawa ta yi wa Shugaba Andrew Jackson ita kan rikicin kuɗin gwamnati da ya janye daga babban bankin ƙasar. Abin ya tsaya masa a rai, magoya bayansa ba su huta ba sai da aka soke ta daga kundin a 1837. Da ba ta da zafi, da ba su yi shekara uku suna wannan fama ba.

Wajen fassara, ni ina rubuta "majalisa ta tsawatar masa a hukumance". "Jan kunne" ya yi laushi, domin gargaɗi ne kan abin da ke gaba, ita kuwa hukunci ce kan abin da aka riga aka aikata. "Allah wadai" da "tir" na fi ajiye su wa "condemn", wadda kowa ke iya furtawa, daga shugaban ƙasa har mai shayi. Ita "censure" a wannan ma'anar sai majalisa ko ƙungiyar ma'aikata irin ta lauyoyi da likitoci, wato masu iko a kan mutumin. Idan kika ga "impeach" ko "expel", to nan ne maganar raba shi da kujera ta taso.