Tambaya da amsa: Me ya sa bos ɗin fim ɗina ba ya ba kowa tsoro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da 'yar ƙungiya a nan unguwar Zango ta Damagaram muna yin gajerun fina-finai da waya muna sawa a YouTube. Na rubuta labarin wata marainiya da ƙanen babanta ya cinye mata gado, shi ne bos wato mugun fim ɗin, na ba shi 'yan daba, na ba shi boka, kowace fitowa sai ya yi dariyar mugunta, amma da na karanta wa abokaina a fada, wurin da muke zaman hira, sai suka yi ta dariya wai bai ba su tsoro ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Abokan nan naka sun yi maka gata wallahi, gara ka ji a fada da ka ji bayan kun gama ɗauka kun ƙone kuɗin mai. Matsalar ita ce baffan nan naka ya san shi mugu ne, kuma a duniya ban taɓa ganin wanda ya ci gadon maraya yana cewa ni azzalumi ne ba. Cewa yake yi ina riƙe mata ne kar ta lalatar, ni na yi jinyar ubanta wata takwas a asibiti, ni na biya likkafani, ina 'yan'uwan uwarta suke lokacin? Ka ga ai yana da hujja, kuma rabin hujjar gaskiya ce. Nan tsoron yake, don mai kallo zai tuna wani a cikin danginsu.

To ka ajiye yarinyar tukuna, ka ɗauki takarda ka rubuta labarin duka daga bakin baffan kamar shi ne jarumin. Me yake so, me yake tsoron ya rasa, wa ya taɓa wulaƙanta shi? Wataƙila shi ya bar lakwal ya zauna butik ɗin babansu a Kasuwar Dole shekara ashirin, wan nasa ya tafi Yamai karatu ya dawo aka ce shi ne mai gida. Ba sai duk wannan ya fito a fim ba, amma kai dole ka sani, shi zai gaya maka irin maganar da zai yi.

Mu a Damagaram ma ba sai mun je nesa ba. A 1898 aka kashe sojan Faransa Kaftin Kazamaju a garin nan zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a 1899 sojojin Faransa suka dawo suka ci garin. In Bafaranshe na wancan lokaci ne zai rubuta fim ɗin Kuran Daga ne bos, in mu ne za mu rubuta shi ne gwarzon da ya tsare ƙasarsa daga baƙin da bai yarda da su ba. Mutum ɗaya fa, abin da ya yi ɗaya. Haka nake so ka kalli baffanka.

Sai maganar ƙarfi. Ka taɓa zuwa filin Langa-Langa kallon kokawa ai, in aka haɗa babban ɗan kokawa da yaro ba wanda ke tashi tsaye, kiɗan ma sanyi yake yi. Tun da aka fara gasar Takobi, wato gasar kokawa ta ƙasa, a 1975 abin da ke cika fili shi ne mutane ba su san wa zai faɗi ba. To bos ya fi jaruma ƙarfi a daidai wurin da take da rauni. Yarinyarka rauninta kunya ce da rashin mai tsaya mata, shi kuma ƙarfinsa mutunci, sahun gaba a masallaci, in an yi rasuwa shi ke fara zuwa, lokacin zafi da famfo ya ɗauke kwana da kwanaki shi ke biyan 'yan garuwa su kai wa maƙwabta bido biyu-biyu. Ranar da ta buɗe baki ta ce ya ci mata gida wa zai yarda? Unguwa duka za ta ce yarinya ba ta da tarbiyya. Wannan ya fi 'yan daba goma, kuma ba ka biyan kowa jikka ko ɗaya.

Bari in nuna maka fitowa ɗaya. Ta shigo zaure ta durƙusa, ta ce Baffa dama maganar takardar gidan ce. Bai ɗaga murya ba, yana zuba shayi, ya ce 'yata kin ci abinci kuwa? Ya kira yaro ya ce a kai buhun hatsi ɗakin uwarta, ya zaro jikka biyar ya miƙa mata a gaban baƙinsa, sannan ya ce a hankali, kuɗin makarantar ƙanenki wata mai zuwa ne ko? Shi kenan. Bai zage ta ba, bai ce zan daina biya ba, amma ita ta gane, mu ma mun gane, kuma dole ta karɓi kuɗin ta ce na gode. Ni irin wannan fitowar ce ke hana ni barci.

Bokan ka cire shi, ina roƙonka. Da zarar an ce asiri ne to an sauke wa mutum laifinsa an ɗora wa aljani, kuma ƙarshen fim ya zama malam ya zo ya yi addu'a komai ya warware, yarinyar ba ta yi komai ba. Dariyar ma haka, a tatsuniya Dodo zai iya yin ta, a zaure ba ta shiga.

Ka bar shi ya ci nasara sau biyu ko uku tun farko, nasara ta gaske mai ciwo, in ta kai ƙara wurin mai unguwa ya riga ta zuwa, in ta samu shaida ya aurar da 'yarsa ga ɗan shaidar. Faɗuwarsa kuma ta fito daga halinsa, tunda mutunci yake bauta wa to a bainar jama'a zai karye, kar ka kawo hatsarin mota ya yi maka aikin.

Wanda zai hau rol ɗin ku nemi dattijo mai sanyin murya wanda in ka gan shi za ka so ka gaishe shi. Ka sake rubuta fitowar zauren da bakinka, shafi biyu kawai, ka karanta musu a fada ba tare da ka ce ga bos ba, ka turo mini abin da suka ce.