Ya ce "a bakin aurenki", ni kuma na aikata. Auren yana nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake a ƙaramar hukumar Wudil. Shekarata 9 da aure, 'ya'yanmu huɗu, a gidan gandu muke zaune. Ƙannen maigidana sun mayar da ɗakina kasuwa. Su buɗe tukunya su tsame nama, su zare cajar wayata, har geron da na auno da kuɗin adashina sun ɗiba. Da na yi ƙorafi sai ya hasala ya ce, "In kika ƙara kai maganar 'yan uwana gidanku, a bakin aurenki." Ranar sunan da aka yi wa ƙanwata baki ya suɓuce, na gaya wa Innarmu. Yau mako uku ba ma magana, 'yarmu mai shekara 7 ce ke kai saƙo tsakaninmu. Shi ya ce barazana ce kawai. Maƙwabciyata ta ce sakin fushi ba ya hawa. Wani kuma ya ce in kawo kuɗi ya yi rubutu a warware. Na kasa barci. Da aure nake zaune ko babu?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Rashin barcin nan naki yana da dalili, kuma ke kaɗai ce a cikin labarin nan kika ɗauki maganar da nauyinta.

Maƙwabciyarki ta yi kuskure, kuma kuskuren nata shi ne wanda ya fi kowanne rusa gidaje a ƙauyukanmu. Wai sakin fushi ba ya hawa. To wa aka taɓa gani ya saki matarsa yana tsakiyar dariya, da ƙoƙon fura a hannu? Kusan duk saki cikin fushi ake yin sa. A mazhabar Imamu Malik, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita, fushi ba ya hana saki aukuwa, sai irin wanda ya gusar da hankali har mutum bai san abin da ya fito daga bakinsa ba. Wanda ya iya tsara sharaɗi, ya ambaci gidanku, ya ambaci 'yan uwansa, bai manta komai ba, da wuya a ce hankalinsa ya gushe. Batun wasa ma babu mafita a can. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya ce abubuwa uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki da kome.

Abin da maigidanki ya yi shi ake kira rataya saki a kan sharaɗi. Mazajenmu sun mayar da shi abin tsoratarwa na yau da kullum. In kin je bikin nan a bakin aurenki. In kin ƙara taɓa wayata a bakin aurenki. Har da masu ratayawa a kan gishirin miya. Mutum ashana uku kacal gare shi a aljihu, amma ya tsaya a gindin rumbu yana ƙyastawa don ya kori kaji. A wurin mafi yawan malamai, da zarar sharaɗin ya cika sakin ya auku, kuma bayan an furta babu janyewa, ko da ya huce da asuba ya sayo miki tsire. A Malikiyya ko mantuwa ba ta ceton wanda bai togace ta ba tun farko, don haka "baki ne ya suɓuce" ba hujja ba ce mai ƙarfi. Akwai malamai, irin su Ibnu Taimiyya, da suke ganin in hani kawai mutum ya nufa, ba rabuwa ba, to rantsuwa ce, kaffara zai yi: ya ciyar da miskinai 10 ko ya tufatar da su, in ba hali ya yi azumin kwana 3. Amma wannan ba abu ba ne da miji zai zaɓar wa kansa a majalisar mai shayi don ya fi masa sauƙi. Alƙali ko malamin da ya san fiƙihu ne zai saurari lafazin, ya tambayi niyya, ya duba yadda mutanen wurin suke fahimtar kalmar, sannan ya yanke.

Mai rubutun nan kuwa, ki riƙe kuɗinki. Babu allon da ake wankewa a sha saki ya koma ciki. Irinsu ne in igiya uku ta ƙare suke kawo shawarar auren kisan wuta, a nemo wani a biya shi ya kwana ya saka, alhali Annabi (SAW) ya la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa. Su ne kuma masu ce wa mace ta kawo ƙasar sawun miji a yi mallaka. A ci kuɗin akuya, a bar gida da zargi, uwar miji ta tsinci laya a bakin randa, rigimar da ta fara a kan nama ta koma ta asiri.

Ga abin yi a makon nan. Ki tuna lafazin daidai yadda ya fito, ba ƙari ba ragi, da ranar, da wanda ya ji. Ya ambaci adadi? An taɓa yin wani saki a baya, ko da wanda aka mayar a ɗaka ba wanda ya sani? Nan mutane suke cutar kansu, su ce "wancan ai ba a rubuta takarda ba". Takarda shaida ce kawai, furuci shi ne sakin. Ki sanar da waliyyinki, ku je da maigidan wurin liman masani, ko ofishin Hisbah na ƙaramar hukuma, ko kotun shari'a. Kafin a yanke, ku dakata da kwanciyar aure. Kada ki naɗe tabarma ki tafi gida. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta a cikin idda, ta kuma hana ta fita, ci da sha kuma suna wuyansa in dai saki ne mai kome. In aka ce ɗaya ne, yana iya mayar da ke kafin tsarki uku su cika, ba sabon sadaki, kuma ya kafa shaidu biyu don gudun musu. In idda ta ƙare, sai sabon ɗaurin aure da yardarki. Mako uku sun riga sun tafi kuna gaba da juna, saboda haka kada a jira sai bayan girbi.

Yanzu zancen 'yar aike. Ku sallami yarinyar nan daga aiki. Kowa ya san yadda abin yake: "Je ki ce wa babanki abinci na nan." "Ki ce mata na ƙoshi." Sai ga mai ƙoshi a bakin titi yana cin awara ta naira ɗari biyu a ɓoye. Yarinya kuma tana ƙara nata gishirin a hanya, ta kuma koyi cewa haka manya suke zaman aure. Shari'a ba ta yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku ba, balle wanda kuke raba katifa. Sallama ta isa ta karya gaba, kuma wanda ya fara shi ne mafi alheri. Haka habaici. Waƙar daka da ake ɗaga murya daidai lokacin da ya zo wucewa, raɗa wa tunkiya suna "Ta Fi Su Kunya", sa karin magana a WhatsApp, duk unguwa tana ganewa, shi kaɗai ne ba ya ganewa. In ya gane ma sai ya yi kamar da maƙwabta ake.

Ki zaɓi lokaci. Ba a bakin ƙofa yana saɓa fartanya ba, ba ranar Juma'a da yamma ya dawo daga kasuwar Wudil ba ciniki ba, ba gaban ƙannensa ba. Bayan isha, ya ci ya sha, yara sun kwanta. Magana ɗaya tak. In kika fara da gero kika gangara kan abin da yayarsa ta faɗa ranar kai lefe, kin rasa geron. Ki nemi abin da ake iya gani da ido: kwaɗo a ƙofar ɗaki ko a akwati, kwanon ƙannensa a zuba musu daban a ajiye a zaure, hatsin mako a auna da kwano a gabansa. "Ka daina wulaƙanta ni" ba ta da ma'auni, zai ce yaushe. "A sa kwaɗo kafin Lahadi" tana da shi. Geron adashinki, akuyarki da kayan ɗakinki dukiyarki ce, ba ta gandu ba, ba mai ɗauka sai da izininki, har shi maigidan.

Sharaɗin da za ki kafa ya zama wanda ke za ki iya cikawa gobe ba tare da kuka ba. "In aka ƙara ɗibar geron, ba zan nemo wani ba, sai ka auno." Wannan ana iya yi sau goma aure yana nan daram. Kuma shi zai yi wa danginsa magana, ke ki yi wa naki. Kada ki tari surukarki da kanki, ko da gaskiya ta yi miki yawa.

A zaman da za a yi, waliyyinki ya faɗa wa maigidan a gaban shaidu cewa hana mace kai kuka gidansu, alhali ba a share mata hawaye a gidan miji ba, ba tsari ba ne. Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ce in an ji tsoron ɓaraka a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Su biyun nan a naɗa su tun yanzu, kowa ya san wurin kai ƙara. In kuma akwai duka ko hana abinci da ba ki faɗa ba, wannan ya wuce kwaɗo da kwano, ki gaya wa alƙali kai tsaye, domin a Malikiyya yana da ikon raba aure saboda cutarwa in ta tabbata.