Amsa ga 'yar uwar da ke tambaya kan ba malamai kaya zuwa albashi

Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Na ga tambayarki, kin ce kin ji an yi wa malaman firamare da ma'aikatan ƙaramar hukuma ƙarin albashi a wajenku, kina da ɗan jari kina so ki sari atamfa da kayan abinci ki riƙa ba su zuwa ƙarshen wata, wai ko akwai samu a ciki. Akwai samu wallahi, ni da wannan harkar nake riƙe gidana shekara da shekaru, amma kar ki fitar da ko sisi don kin ji sanarwa a rediyo, ki bari sai malamar da kika sani ta nuna miki alat a wayarta.

Dalili kuwa, Tinubu ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70 a watan Yulin 2024, daga baya Kano ta ce dubu 71, Kaduna ta ce dubu 72, kowace jiha da lokacin da ta fara. To amma malamin firamare ba layinsu ɗaya da ma'aikacin jiha ba, shi albashinsa daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, shi ya sa za ki ga na sakandare ya ga ƙari shi kuma shiru. Ki duba Abuja ma, nan fa gindin gwamnati, malaman firamare sun shiga yajin aiki tun Maris 2025 sai a Yuli suka koma aji, duk a kan dubu 70 ɗin nan da ƙananan hukumomin birnin ba su fara biya ba. Duk wadda ta zuba musu kaya tun ranar da aka sa hannu kin ga ai jarinta ya kwanta. Haka ma hukuncin kotun ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kar ki gina lissafinki a kansa, ki tambayi 'yan ƙungiyar malamai ta NUT da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE na garinku, su suka san abin da ke shiga hannu.

Sannan mutane suna ji an ce daga dubu 30 an koma dubu 70 sai su ɗauka albashin kowa ya ninka, ba haka ba ne, wannan na ɗan ƙaramin mataki ne, na sama gyara kawai ake musu gwargwadon lebul. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da abinci sun riga sun cinye ƙarin tun bai zo ba. Ranar da alat ya shigo banki zai fara cire bashinsa, kwafaretib, wato ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikata, ta cire nata, ga adashe, ga mai shagon unguwa yana jira, ke ce ta ƙarshe a layi indai ba ki yi tsari ba.

Tsarin da ya fi min shi ne bi ta kwafaretib ɗin makaranta ko ta sakateriya. Ki je ki gaisa da hedimasta, a haɗa ki da ma'ajin ƙungiya, ku zauna a rubuta, su suke tara kuɗin su ba ki dunƙule, ribar ba ta kai ta bi ɗaya-ɗaya ba amma kina barci da ido biyu rufe. In kuma babu ƙungiya to ki karɓi kashi ɗaya cikin uku a hannu, sauran wata biyu, kar ya wuce haka saboda kafin ki gama tattarawa farashi ya motsa a kasuwar Singa ta Kano, ki koma saro ki tarar kuɗin buhu goma bai fi ya ɗauko miki tara ba. Farashin bashi kuma ku tsayar da shi tun ranar ciniki magana ɗaya, in an yi jinkiri kar ki ƙara ko naira, wannan ya zama kuɗin ruwa, Allah ya kiyaye mu.

Kayan ma ki bambanta. Ƙarin wata-wata a ciki yake ƙarewa, shinkafa, taliya, man gyaɗa, sabulu, sai lokacin kaka in kina da wajen ajiya ki ɗauko masara da wake. Atamfa da shadda ki bari sai azumi ya ƙarato ki shiga Kantin Kwari, nan ne suke tafiya. Manyan kaya irin su waya, keken ɗinki, ƙaramar sola, waɗannan sai ranar da aka biya ariyas, wato bashin albashin baya, ko kuɗin ƙarin girma da aka riƙe, kuɗin da ya zo a dunƙule shi mutum ke iya sayen abu da shi, don haka ki kasa kunne a kan wannan fiye da maganar sabon albashi. Watan Satumba kuwa ki sassauta ba da bashi, su ma iyaye ne, kuɗin makaranta da yunifom ya sha musu kai.

Ki yi hattara in kin ji an ce za a tantance ma'aikata, sau da yawa garin neman na bogi albashin mai gaskiya ke tsayawa wata da watanni, sai wanda ya kusa ritaya, kar ki yarda da "in garatuti ya fito", da wanda ake shirin yi wa canjin wajen aiki. Rabin jarinki ki bar shi a cinikin hannu da hannu ko me za a ce miki.

Kuma don Allah in aka makara kar ki je ki tsaya wa malama a bakin aji gaban ɗalibanta, abin nan yana min ciwo, yawancinsu ba taurin bashi ba ne, albashin ne bai shigo ba, ki kira ta gefe ko ki same ta a gida. Ki faɗa mana jihar da kike da kuma ko malaman firamare ne ko na sakandare, akwai 'yan uwa a nan da ke aikin koyarwa za su gaya miki ko ƙarin ya fara shiga a wajenku. Allah ya sa albarka a nema.