Me Ɓeraye Suka Koya Mana Game da Ciwon Dajin Babban Hanji?

TAMBAYA: Likita, ni ɗaliba ce daga Mabera, Sakkwato. Kawuna ya yi shekaru yana gudawa mai jini ana ce masa basir ne, daga baya aka gano ciwon dajin babban hanji ne. Na ji ana binciken cutar a jikin ɓeraye. Shin gado ne ke kawo ta, ko kumburin hanji?

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba kawunki lafiya. Abin da ɓeraye suka nuna shi ne, biyun suna taimakon juna.

A shekarar 1990, masana a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka bayyana wani ɓera mai nakasa a ƙwayar gado da ake kira Apc, wadda aikinta shi ne hana ƙwayoyin bangon hanji hayayyafa fiye da kima. Kowace ƙwayar jiki tana da wannan ƙwayar gado guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wannan ɓera ana haifarsa da ɗaya lalatacciya, kuma ranar da ta biyun ta ɓace a wata ƙwaya, sai tsiro ya fara fitowa, galibi a ƙaramin hanji.

Wurin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ke faruwa idan aka zuba wa irin waɗannan ɓeraye wani sinadari mai kumbura hanji da ake kira DSS a ruwan shansu na kimanin mako guda. Bangon babban hanji yana yin gyambo, kashinsu ya zo da jini, bayan 'yan makonni kuma tsiro ya yawaita a babban hanjin da a da bai cika kamuwa ba. Dalili kuwa, gyaran gyambo yana tilasta wa ƙwayoyi su yi ta rabuwa, yayin da ƙwayoyin garkuwar jiki da suka taru a wurin suke fitar da sinadaran da ke ƙara lalata ƙwayoyin gado, suna kuma hana ƙwayar da ta lalace mutuwa.

A jikin mutum ma, ana samun nakasar APC a mafi yawan wannan ciwo, kuma kumburin hanji na shekaru yana ƙara haɗarinsa. Saboda haka ina roƙonki ki faɗa wa 'ya'yan kawunki da 'yan'uwansa na jini su ga likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su tambayi lokacin da ya dace a leƙa hanjinsu da na'ura, musamman wanda ya taɓa ganin jini a bayan gida.