Amsa ga ɗan'uwan da ke son sayen tsohon injin let don aikin katako da ƙarfe a gida

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa na Mabera, na ga tambayarka tun jiya da dare: an nuna maka tsohon injin let na Ingila, wato injin da ke juya ƙarfe ko katako ana fere shi, motarsa ta lantarki tiri-fes, mai cin wuta layi uku, kana son ka kafa shi a zaure ka riƙa yin bushin da shaf na injin ban ruwa, kuma in hali ya yi ka juya akushi da ƙafafun kujera. Kana tambaya ko inji ɗaya zai yi duka biyun, ko kuma wutar gida da ƙaramin janareto za su ɗauke shi. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don hanyar da aka bi da ni ke nan sak.

Kada ka ba da ko sisi sai ka ga injin nan yana yanka ƙarfe a gabanka. Yanka nake nufi, ba juyawa kawai ba.

Ni dillali ne ya haɗa ni da nawa. Mutum mai furfura, muna sallah sahu ɗaya, shi ya sa har yau abin ke ci mini rai. Ya kai ni wani shago, ga inji an shafe shi da koren fenti yana ƙyalli, har kan gadon da keken wuƙa ke tafiya an goga mai. Na ce a tayar, ya ce, "Alhaji, ai ka ga babu wuta, amma wanga inji ko jiya an yi aiki da shi." Na ce motar fa, tiri-fes ce, gidana layi ɗaya ne. Ya ce, "Wanga ba matsala ba ne, yaro na nan da ka sa mai kafasita, shi ke nan." Ya rantse, ya dafa ƙirji. Muka ɗauko inji da kura da ƙarti, sai da muka cire ƙyauren zaure kafin ya shiga.

Yaron nasa ya zo ya ɗaura kafasita, wato ɗan gwangwanin lantarkin da ke sa motar ta juya da layi ɗaya. Injin ba ya tashi sai an murza cok, wato bakin da ke riƙe ƙarfen yana juya shi, da hannu, in ya tashi yana gurnani. Da na sa wuƙa a ƙarfe sai ya ja baya kamar jakin da aka yi wa lodin yashi. A watan Afrilu ne, zafin da kuka sani, sama da digiri 40, rufin kwano. Ina cikin gyara shaf ɗin wani manomi daga fadama wanda ya bar albasarsa ba ruwa yana zaune kan benci yana jira, sai wari ya tashi, hayaƙi ya biyo ta bayan motar. Kwayil ya ƙone ƙurmus. Maƙwabta suka fito da bokitai, uwargida na salati daga cikin gida, manomin nan ya miƙe ya zare shaf ɗinsa rabi a yanke, bai ce mini uffan ba ya fita. Wannan shirun nasa ya fi mini zagi ciwo. Na je wurin dillali, ya dube ni ya ce, "To Alhaji, ni mi ka gamina da wutar gidanka?" Na kai maganar gun wanda ya haɗa mu, aka ce a yi haƙuri, ciniki ya riga ya faɗa. Har yanzu in mun haɗu a wurin ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu, ko kunya babu.

Bayan an yi riwayin, wato an sake naɗa wayar motar, ne ma sauran ɓarnar ta fito. Duk sandar da na yanka sai kai ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ashe gadon ya cinye daga wajen cok, fentin nan rufa-rufa ne. Ga yadda za ka gane kafin ka biya: kawo keken wuƙa kusa da cok, ka ɗan ɗaure makullinsa har ya fara kamawa, sannan ka tura shi zuwa wutsiya. In ya cije a hanya, gado ya ci. Ka sa guntun katako ƙarƙashin cok ka ɗaga, in ka ji yana motsi boris, wato abin da shaf ke juyawa a cikinsa, ya tafi. Ka buɗe akwatin giya ka ƙirga haƙora da idonka. Kuma ka tambayi giyoyin canji na yanka zaren noti, don sau da yawa an watsar da su, samunsu kuwa sai ka aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, a ce maka a dawo gobe. Ka je da sandar ƙarfe da baniya naka, wato ma'aunin kauri, a yanka, ka auna kai da kai.

Maganar wuta. Dabarar kafasita tana juya motar, amma abin da za ka samu bai wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfinta ba, kuma tana zafi. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, ke nan mota mai doki biyu tana neman kusan kilowat ɗaya da rabi, kuma lokacin tashi tana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci in ta daidaita. Ƙaramin janareton kallon ƙwallo ba zai ko motsa ta ba. Hanya biyu ce: ko ka sauya motar da singil-fes mai cin layi ɗaya, ko ka sayi inbata ta mota wadda ake kira VFD, tana karɓar layi ɗaya ta fitar da uku, tana tayar da inji a hankali, kuma ka rage gudu ko ka ƙara da ɗan maɓalli. Amma duba farantin jikin motar tukuna. In an rubuta 220/380 za a iya sauya haɗinta ta yi aiki da inbatar. In 380 ko 415 kaɗai ka gani, akwai sauran magana. Ita inbatar ba ta son ƙura, ka yi mata akwati mai iska, ka san hunturunmu.

Af, tun da na ambaci ƙura: katako a kan injin ƙarfe yana yiwuwa, ni ma ina yi, amma garin katako da na samfefa in ya haɗu da man gado sai ya zama abin wasa wuƙa, shi ke cinye injin. Ka rufe gadon da leda ko kwali, ban da tsumma don cok na iya fizgarsa, ka share ka sa sabon mai duk ranar da ka gama. Sai mai walda ya yi maka madogarin da za ka ɗora kurfi a kai, don katako da hannu ake binsa. Akushi mai faɗin inci 10 gudunsa tsakanin juyi 600 da 900 ne a minti, in kuma itacen bai daidaita ba fara ƙasa da haka sosai. Ƙarfe kuwa, sanda mai kaurin milimita 25 da wuƙar HSS, wato ta ƙarfe mai tauri da ke jure zafin yanka, wajen juyi 380 a minti ya isa. Bakin wuƙa ya tsaya daidai tsakiyar aiki, in ya yi sama gogawa zai yi, in ya yi ƙasa ya cusa kai.

Itace, ni dogon yaro na fi samu, ga shi ko'ina a garin nan, kuma yana fita da kyau. Maɗaci ya fi shi kyau in ka dace da busasshe. Ƙirya dai ta masu turmi ce, tana dakushe kurfi nan da nan. Ɗanyen itace kada ka gama shi rana ɗaya, iskar Sakkwato za ta tsaga shi kafin Juma'a. Fere shi da kauri, shafa wa kawunan fenti ko kakin zuma, ajiye a inuwa ya sha iska. Na taɓa kai tsoffin fayil Maƙera Assada a buga mini kurfi, maƙeran sun ce fayil na da gautsi, yana iya karyewa a hannu, suka yi mini da sifirin mota. Sun fi dillalin can amana nesa ba kusa ba.

Don Allah kada ka tsaya gaban injin nan da babbar riga ko kaftani mai sakakken hannu, ko safar hannu, ko carbi a wuya. Makullin cok kada ya kwana a jikin cok ko na ƙiftawar ido. Tarkacen ƙarfen da ke nannaɗowa da ƙugiya ake jansa, yana yanka yatsa har ƙashi. Zaure kuma hanyar yara ce, sa makunnin a sama inda hannunsu bai kai, da kwado.

In da ni ne yau, kuma katako ya fi yawa a aikina, da mai walda zan samu ya haɗa mini na katako daban da boris biyu da fuli da motar singil-fes, in bar na ƙarfe ya huta. In kuma ba ka taɓa riƙe injin ba, nemi wani da ya yi kwalejin fasaha ta Farfaru ko ta Runjin Sambo ya tsaya maka makon farko, ka biya shi.

Ɗauko hoton farantin motar da na gadon daga wajen cok ka saka nan zauren mu gani. Kuma ka faɗa mini ta akwatin sirri ko dillalin naka wani dattijo ne mai yawan dafa ƙirji.