Hannun ɗana ya faɗa, sai kuma ya je makarantar koyon tuƙi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ɗana shekararsa 19, ƙanin babansa ne ya koya masa mota a fili cikin sati biyu, yanzu yana ja lafiya lau har ribas yake yi da hannu ɗaya. Ni na ce sai ya shiga makarantar koyon tuƙi kafin a sakar masa mukulli, baban ya ce ɓata kuɗi ne tunda hannunsa ya riga ya faɗa, wai su ma haka suka koya kuma ga su nan ba abin da ya same su. Har mun ɗan samu saɓani a kai. Ni ce tsorona ya yi yawa ko kuwa? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. A'a wallahi tsoronki bai yi yawa ba, kina kan gaskiya, sai dai ki bi maigida a hankali don shi ma ba ƙin yaron yake ba, abin da ya gani ne da idonsa ya gamsar da shi, ya ga yaro ya tada mota ya saka giya ya saki kulochi ba ta mutu ba ya zagaya ya dawo. To wannan jan mota ne. Jan mota kowa zai iya koyonsa cikin kwana goma, amma a fili ba yaron da zai fito da gudu daga bayan motar da aka faka, ba mai babur da zai ɓullo ta gefen da madubi ba ya nunawa, ba dare ba ruwan sama, ba tirela a gaba da mai hon a baya yana azalzalarsa. Abin da ke kashe mutane a titi ba rashin iya juya sitiyari ba ne, rashin ganin haɗari ne tun kafin ya iso.

Bari in ba ki misali ɗaya da za ki iya kai wa babansa, don lissafi ne ba ra'ayi ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya tak. Daga lokacin da direba ya hango abu zuwa lokacin da ƙafarsa za ta sauka kan birki kusan daƙiƙa ɗaya ko fiye ta wuce, wato ya riga ya tafi mita 28 bai ko fara tsayawa ba. Sannan shi kansa birkin, in ka ninka gudu sau biyu nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau huɗu ne. Yaron da bai san wannan ba zai manne wa motar gabansa yana ganin ƙwarewa ce, wanda aka koya wa kuma zai bar tazarar daƙiƙa 3 tsakaninsu, in titi ya jiƙe ya ƙara. Haka zancen waya, ya duba saƙo na daƙiƙa biyu a wannan gudun ya tafi fiye da mita 50 kamar idonsa a rufe. Ƙanin baba ba zai faɗa masa waɗannan ba, ba don mugunta ba, shi ma mai yiwuwa ba a taɓa faɗa masa ba, kuma duk wata ɗabi'a tasa ta tuƙi, mai kyau da maras kyau, ita zai ɗora wa yaron. In ba ya sa sigina yaro ba zai sa ba, in yana obatekin a kwana yaro zai ɗauka haka ake yi.

Kuma shekarunsa ne suka fi tayar min da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwar ma ba cikin mota suke ba, masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kin ga ashe ba ran ɗanki kaɗai ake magana ba, har da ɗan wata da zai tsallaka titi a gabansa.

Amma zan faɗa miki gaskiya guda, kar ki ɗauka da ya kawo takardar makaranta shi ke nan an gama. Akwai makarantun da suna kawai suka tara, a zagaya da yaro sau biyar a miƙa masa satifiket. Ki bincika, su koya masa alamomin hanya da dokar wa ke da hannu a mahaɗa da shataletale a aji, sannan malami ya fita da shi titi na gaske cikin cunkoso, ya riƙa tambayarsa me ka hango can gaba, me kake zaton mai babur ɗin can zai yi. Bayan makaranta kuma sai awoyi masu yawa yana tuƙi da babba mai haƙuri a gefensa. A jihar Victoria ta Ostareliya mai koyo ɗan ƙasa da shekara 21 sai ya cika awa 120 yana tuƙi da mai kula da shi, 20 daga ciki da daddare, kafin ya zauna jarrabawar lasisi. New Zealand kuma tun 1987 ta fara ba da lasisi mataki-mataki, sabon direba ba a barinsa ya yi tuƙin tsakar dare shi kaɗai ko ya kwashi abokai sai ya daɗe a hanya. Wannan ko doka ba ta tilasta muku ba ku iyaye za ku iya kafa ta a gida, watannin farko ba tuƙin dare, ba cika mota da abokai don su ne ke zuga shi ya taka totur, ba waya a hannu, kuma ba a tada mota sai kowa ya ɗaura bel har na kujerar baya.

Batun "mu ma haka muka koya ga mu nan" kuwa, Allah ne Ya tsare, waɗanda suka koya haka abin ya rutsa da su ai ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Ki ce wa maigida shi ne zai zama mai zama a gefen yaron bayan makarantar, ina ganin zai fi saurin yarda in ya ji yana da nasa aikin a ciki.

TAMBAYA: Malam ni na yi shekara 22 ina tuƙi ban taɓa buge ko kaza ba, yanzu wurin aikinmu sun ce sai mun je bita. Me za a koya min? Daga wani direba.

AMSA: Madalla, Allah Ya ƙara tsarewa Malam direba, amma ka je. Motocin ma sun canza. Wanda ya koya a tsohuwar mota an ce masa ya riƙa taka birki yana saki in abu ya taso, motar da ke da ABS kuwa, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an danne birki, takawa ake yi da ƙarfi a riƙe, ko ka ji birkin na karkarwa a ƙafarka kar ka ɗaga, kana riƙe kana juya sitiyari ka kauce. Direbobi da yawa masu shekaru a hanya jin karkarwar nan ke sa su saki. Sannan ka san lambobi huɗun da ke jikin taya na faɗin sati da shekarar da aka yi ta? Biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, taya na iya zama da zanenta raɗau amma robar ta tsufa. Akwai kuma gajiya da gyangyaɗi, wanda tsofaffin hannu ma ke faɗawa don sun saba da doguwar tafiya suna ganin za su iya daurewa. In ka je ka tambaye su musamman kan wannan, da yadda ake tsara hutu a tafiya mai nisa.